Malam Aminu Kano: Shekaru takwas da alli a hannu kafin hawa dandalin siyasa

A watan Nuwamba na 1950, shugaban Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a lardin Sakkwato na wancan zamani, ya ajiye aiki ya koma gida Kano. Shekarunsa talatin a duniya. Ya bar albashi da gidan zama da girman da ake bai wa mai ilimin boko a lokacin, ya rungumi NEPU, jam'iyyar da ba ta wuce wata uku da kafuwa ba. Daga wannan gaɓa ce mafi yawan masu ba da tarihin Malam Aminu Kano ke ɗaukar zaren labari: gwagwarmaya da mulkin En'e, ɗaurin da aka sha yi wa magoya bayansa, zaɓen 1959, sannan PRP. Shekaru takwas da suka gabaci wannan rana kuwa, waɗanda ya yi yana koyar da yara a midil yana kuma horar da masu koyarwa, akan ratsa su da jimla ɗaya ko biyu. Alhali a cikinsu ne aka ƙera mutumin da Kano ta sani.

An haife shi ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai na zuriyar Gyanawa, waɗanda suka yi suna a fagen shari'a. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin fiƙihu ne da ya yi aiki a kotun alƙali. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce. Ya fara da allo kamar kowane ɗan gidan malamai, ya shiga makarantar Shahuci yana ɗan shekara goma, daga nan ya wuce Midil ta Kano, wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa.

Matasan yau ba su san midil ba, don haka sai an ɗan tsaya a kanta. Wajen 1930 Turawa suka sake fasalin makarantun Arewa: yaro ya yi elementare da harshen Hausa, in ya yi fice a ɗauke shi zuwa midil a babban garin lardinsa, makarantar kwana, inda Turanci ke zama harshen karatu. Yaran da ke cikinta su ne waɗanda suka baro ƙuruciya ba su kai samartaka sosai ba, kusan sa'o'in 'yan ƙaramar sakandare na yanzu. Makarantun ba su da yawa, kusan lardi guda makaranta guda, kuma daga cikinsu ne ake tsamo magatakarda da ma'aikatan asibiti da malaman elementare. Saboda muhimmancin wannan mataki aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, aikinta na farko shi ne samar da malaman da za su riƙe manyan makarantun larduna. Duba jerin waɗanda suka fito daga cikinta, ko daga magajiyarta ta Kaduna, ka ga inda aka fara tura su: Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauci, Abubakar Imam a ta Katsina, Shehu Shagari a ta Sakkwato, Maitama Sule a ta Kano. Kusan duk wanda ya riƙe ragamar Arewa a jajibirin 'yancin kai ya taɓa tsayawa gaban allo yana fama da yara 'yan shekara goma sha uku.

Ba don son talaka Turawa suka yi wannan tsari ba. Ƙofar ƙunci gare ta, 'ya'yan sarakuna da na masu faɗa a ji ne a gaba, 'ya'ya mata kuwa kusan babu su a lissafi. Amma abu ɗaya ba a yi masa riƙon sakainar kashi ba: wanda zai koyar da ɗan midil sai ya kasance cikin zaƙaƙuran da lardinsa ya fitar, sai kuma ya sha horo na shekaru.

Tun yana ɗalibi a Midil ta Kano Aminu ya nuna halinsa. Ba'amurken da ya rubuta tarihinsa, Alan Feinstein, ya kawo labarin boren da ya jagoranta kan ƙarancin sabulu da rashin kyawun abinci da tsananin dokokin makaranta. A 1937 ya samu shiga kwalejin da ake shirin mayarwa Kaduna daga Katsina, ya kammala a 1942 da takardar shaidar malanta. A can ya kamu da son wasan kwaikwayo, ya riƙa rubuta nasa da Hausa. Ɗaya daga ciki, Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, sunansa kaɗai ya isa ya nuna inda marubucin ya dosa.

Aka tura shi Midil ta Bauci, inda ya tarar da Tafawa Ɓalewa cikin manyan malamai. Koyarwar zamanin ta hadda ce da bulala: malam ya faɗa, yara su maimaita, wanda ya yi tuntuɓe ya sha dorina. Aminu ya shigo da wata hanya. Yakan mayar da darasi wasa a raba wa yara matsayi su taka, yakan fita da su aikin sikawut, yakan bar ƙofar gidansa a buɗe ga mai tambaya bayan an tashi. Duk wanda ya taɓa zama da yaro mai shekara goma sha biyu zuwa sha biyar ya san dalilin da ya sa wannan ke ci. Shekaru ne da yaro ke fara auna maganar manya da aikinsu, yake jin zafin wulaƙanci fiye da zafin duka, yake kuma neman wanda zai kwaikwaya a wajen gidansu. Malamin da ya iya lissafi kaɗai zai iya cika masa littafi da rubutu; riƙe hankalinsa kuwa sana'a ce daban, wadda sai an koya.

A Baucin ne ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya girme shi da 'yan shekaru ya kuma zame masa jagora a tunani. Tare suka raya zauren tattaunawa na Bauci, inda malamai da ma'aikatan En'e da wasu Turawan mulki kan zauna muhawara. Zauren bai yi tsawon rai ba. Da tambayoyi suka kai ga mulkin sarakuna a ƙarƙashin Turawa, har da batun yadda ake ƙayyade albashin sarki, sai hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri.

A 1946 ya samu tallafin karatu zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya isa Ingila a daidai lokacin da ƙasar ke fama da irin matsalar da ya baro a gida, ko da yake a wani ma'auni. Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye malamai, ga dokar ilimi ta 1944 ta wajabta karatun sakandare ga kowa, a 1947 kuma aka ɗaga shekarun barin makaranta zuwa goma sha biyar. Gwamnatin Leba ba ta cusa yara a azuzuwa ta bar su haka ba. Ta buɗe kwalejojin gaggawa da suka horar da dubban tsofaffin sojoji da wasunsu aikin koyarwa. A gabansa aka yi wannan, a gabansa kuma Indiya ta karɓi 'yancinta a Agustan 1947, abin da ya ƙara masa sha'awar tafarkin Gandhi.

Da ya dawo, abin da ya fara kafawa ƙungiyar malamai ce. A 1948 aka ƙaddamar da Ƙungiyar Malaman Arewa, NTA, shi ne babban sakatarenta na farko. Bukatunta na zahiri ne: albashi, ƙarin girma, horo, gyaran manhaja. Amma a yankin da ba a yarda ɗan ƙasa ya kafa jam'iyya a fili ba, ƙungiyar da ta haɗa malamin Borno da na Sakkwato da na Ilori a zaure ɗaya ta fi ƙarfin a kira ta ta neman albashi kawai. Da yawa daga fuskokin da suka hallara a taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949 malaman makaranta ne.

Sai aka mayar da shi Maru. A takarda ƙarin girma ne, domin shugabancin kwaleji aka ba shi. Masu nazarin tarihinsa da dama kuwa na ganin nisanta shi aka yi daga Bauci da Zungur. Idan haka ne, to an ba kura ajiyar nama. Malamin midil yana da yaran ajinsa ne kawai. Mai horar da malamai kuwa, kowane ɗalibi da ya yaye zai tafi wani ƙauye ya tsaya gaban nasa ajin shekara da shekaru, ɗauke da abin da ya gani a wurin wanda ya horar da shi: ko ana iya yi wa babba tambaya, ko ɗan talaka da ɗan hakimi hukuncinsu ɗaya. Zamansa a Maru bai kai shekara uku ba, kuma bai rasa saɓani da hukumomin lardin ba, kafin ya ajiye aikin.

Sauran labarin sananne ne. Ya zama shugaban NEPU a 1953, ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya riƙe kwamishinan sadarwa sannan na lafiya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP a 1979, shekarar da jam'iyyar ta ci Kano da Kaduna. Abin lura shi ne bai taɓa sauke rigar malanta ba. Yana cikin waɗanda suka fara assasa makarantar Islamiyya mai aji da allo da manhaja a Kano a farkon shekarun 1950, ya dage kan karatun mata a lokacin da hakan ke jawo zagi, yakan yi tafsiri da azumi, taron siyasarsa ma kamar aji yake. Gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, wadda ta kai ga samun lambar yabo ta UNESCO.

Tsarin da ya samar da shi ya daɗe da rushewa, kuma ba duka ne abin kuka ba. An soke midil. Ƙaramar sakandare ta zo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, shirin UBE na 1999 da dokarsa ta 2004 suka mayar da ita haƙƙin kowane yaro, kyauta kuma dole. Yau ɗan manomi a Gafasa, can cikin Ajingi, yana da haƙƙin da a 1933 sai ɗan gata. Kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, irin ta Wudil da ta yi wa ƙasar Gaya da maƙwabtanta hidima, an daina yayinsu, aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Takardar ta ɗaukaka, martabar aikin ta faɗi. Ba boyayyen abu ba ne cewa kwalejin ilimi ta zama mafakar wanda makinsa bai kai na jami'a ba, cewa gwajin koyarwa sau da yawa sa hannu ne a fom, kuma malamin da aka tura ƙauye mai nisa da birni yakan fara neman canjin wurin aiki tun kafin ya san sunayen yaransa. A Kaduna, a 2017, sama da malaman firamare dubu 21 ne suka faɗi jarrabawar da gwamnatin jihar ta yi musu. A Kano, gwamnati da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024. Gini da kujeru su ake ɗauka hoto a kai wa jama'a. Tambayar wa ya horar da wanda zai shiga ajin, kuma me aka koya masa game da yaro mai shekara goma sha uku, ba kasafai take fitowa a taron manema labarai ba. 'Yan siyasar da ke rige-rigen gādon Malam sun ɗauki hularsa da kalmominsa, ba a cika jin suna gardama kan wannan ba.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, saura 'yan watanni a yi zaɓen da zai sake tsayawa takara. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa. Kwalejin Maru tana nan a Jihar Zamfara ta yau, ta zama kwalejin ilimi ta jihar, a yankin da 'yan bindiga suka hana yara da malamansu sakat.