Xu Shen: Malamin da ya tono asalin haruffan Sinanci

Duk ɗalibin da ya taɓa laluben wani harafi a ƙamus na Sinanci ya ci gajiyar aikin Xu Shen, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haifi Xu Shen a wajajen shekara ta 58 miladiyya a yankin da a yanzu yake cikin lardin Henan na ƙasar Sin, a zamanin daular Han. Ya yi karatu a wajen mashahurin malamin nan Jia Kui, ya kuma yi fice a fannin tsofaffin littattafai.

Ya taso ne a lokacin da malamai ke jayayya kan waɗannan littattafai. A shekara ta 213 kafin miladiyya, sarkin daular Qin ya sa an ƙona da yawa daga cikinsu. Daga baya aka sake rubuta wasu da sabon salon rubutu na magatakarda, wasu kuma aka gano su da tsohon rubutu. Xu Shen ya koka da yadda mutane ke fassara haruffa bisa sabuwar siffarsu, har ma alƙalai na yanke hukunci da irin wannan gurguwar fahimta.

Don magance haka ne ya wallafa ƙamus ɗinsa mai suna Shuowen Jiezi, wanda ya kammala a shekara ta 100. Ya tattara haruffa 9,353, ya koma ga tsohuwar siffarsu ta zamanin Qin, ya warware kowanne zuwa sassansa.

Ya nuna cewa wasu haruffan zane ne, kamar na rana da wata. Wasu haɗin ma'ana ne, kamar yadda alamar mutum da ta magana suka ba da harafin amana. Amma mafi yawansu sassa biyu gare su: ɗaya na nuna ma'ana, ɗayan kuma lafazi. A harafin kogi, alal misali, alamar ruwa ce ke ɗauke da ma'anar.

Babbar gudummawarsa ita ce kasa haruffan gida 540 bisa alamar da suka yi tarayya a kai. Wannan tsari ne ƙamus ɗin Kangxi na shekarar 1716 ya bi da gidaje 214.

Sai a shekara ta 121, yana fama da rashin lafiya, ɗansa Xu Chong ya miƙa littafin ga sarki An. Ya rasu a wajajen shekara ta 148.

A shekarar 1899 aka gano rubutun daular Shang a jikin ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru, wanda ya girmi Xu Shen da fiye da shekara dubu. Rubutun ya nuna kuskure a wasu bayanansa, amma kuma da taimakon ƙamus ɗinsa ne masana suka iya karanta da yawa daga cikin haruffan.