Alhaji Abubakar Imam (1911–1981) da Dabarun Ba da Labari

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Alhaji Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Ya tashi a gidan malamai, inda ya fara karatun Alƙur'ani da Larabci. Daga baya ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, da ya gama kuma aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Shigarsa Fagen Rubutu

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dr. Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. A lokacin nan Hausawa sun saba da tatsuniya a baki, amma ba su saba ganin ƙagaggen labari a takarda ba. Imam ya shiga gasar da Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya shiga da Ganɗoki. A 1936 aka kira shi Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce littafi na ɗaya zuwa na uku. A 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Salonsa na Ba da Labari

Ana bambanta marubuci da mai ba da labari. Marubuci shi ne mai alƙalami, mai ba da labari kuwa shi ne muryar da ake ji a cikin littafi. A Ruwan Bagaja, babban tauraro, Alhaji Imam, shi ke ba da labarinsa da bakinsa. Saboda haka mahangar labarin tasa ce: abin da ya gani kaɗai mai karatu ke gani, kuma ta idonsa ake auna abokin hamayyarsa, Malam Zurƙe.

A Magana Jari Ce kuwa ya yi amfani da dabarar labari cikin labari, irin ta Dare Dubu da Ɗaya. Wani aku ne ke jero wa Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, labarai don ya hana shi fita daga gida, alhali Waziri ya ƙulla masa makirci a waje. Ke nan kowane labari yana da aiki biyu: nishaɗantarwa da tsare ran yarima.

Wajen gina taurari, Imam ya fi barin aiki da furuci su tona halin mutum. Wayon Malam Zurƙe ana gane shi ne daga ramuwar da yake yi wa Alhaji Imam duk inda suka haɗu. Akwai kuma gatse, wato saɓani tsakanin zahiri da gaskiyar al'amari: Waziri, wanda aka bar wa amanar gari, shi ne maci amana, tsuntsun da ba a ɗauka a bakin komai ba kuma shi ya gaje kujerarsa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan aikin jarida, Imam ya riƙe muƙamai a gwamnatin Arewa. Ya rasu a Zariya a shekarar 1981. Har yanzu littattafansa na cikin waɗanda malamin adabi ke fara ɗauko misali daga cikinsu idan zai koyar da zube.