Edward Weston, Mutumin Da Ya Yi Wa Lantarki Mudu

Kowa ya san ba a cinikin hatsi a Kasuwar Monday ta Maiduguri sai da mudu. To, wutar lantarki ita ma tana da nata mudun, watau mita, kuma ma'aunin ƙarfinta shi ne ake kira bolt. Wannan labarin wani Bature ne wanda ya ƙare ransa wajen gyaran mudun nan don ya riƙa faɗin gaskiya.

An haifi Edward Weston a garin Oswestry na Ingila ran 9 ga Mayu, 1850. Da fari an sa shi koyon aikin likita, amma zuciyarsa tana wajen harhaɗa sinadarai. Cikin 1870 ya haye teku zuwa Amurka, ya sami aiki a New York wurin masu shafa wa ƙarfe ruwan wani ƙarfe da lantarki. Daga nan ya koma Newark, ya shiga ƙera injunan ba da wuta da fitilu, har aka haskaka babbar gadar Brooklyn da fitilunsa.

Abin da ya dame shi cikin aikin nan shi ne rashin mitar kirki. Na zamanin nan kowace da tata magana, zafi ya ruɗe su, ɗauka ta ɓata su. Saboda haka cikin 1888 ya kafa kamfanin ƙera kayan awo. Ya ɗauki dabarar wani Bafaranshe, d'Arsonval, ya kyautata ta. Ga yadda take: ana sa ɗan naɗin waya tsakanin bakin maganaɗisu, a liƙa masa allura. In wuta ta bi ta wayar sai naɗin ya juya, sifirin yana ja da shi baya, allura ta tsaya inda ƙarfin biyu ya yi daidai. Ya kuma haɗa wani gamin ƙarfe wanda zafi ba ya canja halinsa sai kaɗan ƙwarai. Cikin 1893 ya fito da wani batir mai ƙarfi tsayayye, bolt ɗaya da ɗan ɗoriya. Daga 1911 har 1990 da shi duniya ta riƙa gwada sauran mitoci.

Amma fa akwai wata wahala. Wutar batir gaba ɗaya take miƙewa, kamar ruwan kogi. Wutar da ke shiga gidajenmu kuwa kai da komo take yi, sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. In aka sa ta cikin irin mitar nan, kafin allura ta motsa dama an ja ta hagu, sai ta tsaya bisa sifiri tana kyarma, alhali wutar tana iya kashe mutum. Kamfanin Weston ya yi maganin wannan da mita mai naɗi biyu, ba maganaɗisu. Da yake wuta ɗaya ke bin su duka, tare suke juyawa, allura kuwa ba ta sāke fuska.

Daga baya, cikin shekarun 1920, aka sami wata hanya mai araha, watau wata 'yar na'ura mai aikin ƙofa, wadda ke mai da wutar ta bi hanya ɗaya kafin ta kai ga allura. Sai dai a lura. Bolt 230 da ake faɗa ba shi ne ƙololuwar wutar ba, gama tana hawa har wajen 325 ta sauko. Ma'anar 230 ita ce wutar tana ba da zafi daidai da na miƙaƙƙiyar wuta mai bolt 230. Allura kuwa matsakaicin wutar take ji, sai masu ƙira su ninka shi da 1.11 su rubuta a fuskar mita. Lissafin nan yana fita ne kurum in hawa da saukar wutar sumul suke.

Weston ya rasu ran 20 ga Agusta, 1936, bai ga mita mai nuna lambobi ba. Ita ba ta da allura, ƙarfin wutar take mayarwa lamba. Masu arahar cikinsu har yanzu da 1.11 ɗin nan suke aiki. Masu kyau ne ke ɗanɗana wutar sau dubbai cikin daƙiƙa, su lissafta ainihin zafinta.

Wannan ya shafe mu. Sa'ad da aka karya turakun wutar Maiduguri cikin Janairun 2021, mutane da yawa suka koma ga janareta da hasken rana. Wutar ƙaramar inbata mai araha tsalle-tsalle take yi, saboda haka mita mai araha tana iya nuna abin da ba shi ne ba, mai gyara ya yarda, kayan mutane su lalace.

Ku malaman gobe, in kun kai mita aji, kada ku tsaya ga koya wa yara karanta lamba. Ku nuna musu abin da mitar ke aunawa, da inda take kuskure. Wanda bai san mudunsa ba, ko bai yi niyya ba, zai tauye awo.