Malam Abdullahi na Gwandu da Amanar Masu Riƙon Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, an haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a shekarar 1766. Ya yi karatu wurin yayansa Shehu Usmanu da wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya zama teku a fiƙihu da larabci da tafsiri. Da aka fara jihadi a 1804, shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto.

Amma da nasara ta samu, sai ya ga waɗansu sun karkata ga tara dukiya da dawaki da neman sarauta. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, har wajen 1807 ya bar runduna, ya fuskanci gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano, mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su yadda ake hukunci. Nan ya wallafa Liya'ul Hukkam, kana ya koma wurin Shehu.

A cikin littafin ya bi sawun Shehu Magili, wanda ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha. Ya bayyana cewa wajibi ne shugaba ya ƙididdige dukiyar ma'aikaci kafin ya naɗa shi, ya riƙa bincikensa bayan naɗi. In dukiyarsa ta wuce abin da aikinsa zai kawo, a karɓe rarar. In koke ya yawaita a kansa, a tuɓe shi. Kyautar da ake kai wa mai hukunci saboda muƙaminsa kuwa haramun ce.

Daga 1812 yammacin daula ya koma hannunsa, bai fasa karantarwa da rubutu ba har ya rasu a Gwandu a 1829.

A ƙasarmu Nijar an kafa hukumar yaƙi da cin hanci a 2011, amma doka ba ta tsare kanta. Mu mutanen Tasawa da Mayahi, akwai masu riƙon amana a cikin sahunmu: mai karɓar harajin kasuwa, mai rabon hatsin agaji, mai shari'ar gonaki, da mu kanmu masu ajiyar kuɗin masallaci. Kowanenmu ya yarda a ƙirga abin hannunsa tun yau, kafin ranar hisabi. Wanda ya miƙa toshiyar baki kuma ya sani ya yi tarayya da mai karɓa a cikin zunubi.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.