Alhaji Abubakar Imam, Malami Mai Ba da Labari

Ni mutumin Nok ne, a kasuwa da makarantar mishan na koyi Hausa. Littafin da ya fara ba ni dariya a aji shi ne Magana Jari Ce, mai labaran akun nan. Mawallafinsa, Alhaji Abubakar Imam, an haife shi a Kagara cikin 1911. Shi ma horon malanta ya samu kamarmu, a Kwalejin Katsina. Ya ji Turanci sarai, amma da Hausa ya rubuta Ruwan Bagaja cikin 1933. Cikin 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Ya rasu cikin 1981.

To, 'yan'uwa malamai, namu tatsuniyoyin na Ham fa? Wa zai rubuta su kafin tsofaffinmu su ƙare?