Malam Abdullahin Gwandu: Ranar da Baffa ya Gaishe da Sarkin Musulmi

Yau zan ɗan taɓa tarihin wani bawan Allah da ke kwance a nan jiharmu ta Kebbi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. An haife shi wajen 1766, ya yi karatu a gaban wansa, ya bi shi yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804 yana cikin sahun gaba, kuma shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tafkin Kwatto.

To, nasara ta zo, sai zukata suka fara canzawa. Ya ga waɗanda suka fito don Allah sun koma neman mulki da dawakai da dukiya, abokansa na ƙwarai kuwa da yawa sun yi shahada. Abin ya ishe shi. Wajen 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Bai wuce Kano ba. Mutanen garin suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsiri, sannan ya juyo gida. Ni a ganina nan ne ya gane cewa gudu ba ya mayar da zamani baya.

Jarrabawa mafi zafi ta zo a 1817, da Shehu ya rasu. Ga ilimi, ga shekaru, ga shi wazirin Shehu, wa zai yi zaton ba shi ne magaji ba? Amma kafin ya iso Sakkwato an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ɗan wansa, wanda ya girma da shekara kusan 15, wanda kuma ya yi karatu a gabansa. Masu tarihi sun ce ƙofar gari ma a rufe ya same ta. Ya koma Gwandu, zumunci ya yi sanyi na 'yan shekaru. Kada mu ɓoye wannan, mutum ne, abin ya taɓa shi. Ko a nan Zuru nakan ga irinsa, an sauke mutum daga kujera, ko ƙane ya fi wa arziki, shi ke nan sai gaba har kabari.

Shi bai kai can ba. Wajen 1821 tawayen Kalambaina ya yi masa nauyi, Bello ya taho da runduna ya taimake shi. Bayan an ci garin suka haɗu. Bello ya yunƙura zai sauka don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Dattijo fa, a gaban jama'a!

Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin harkar mulki, ya koma ga tawada da almajirai. Ya riga ya gama babban tafsirinsa Diya'ut Ta'wil, sai ya sake wani mai sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, don ɗaliban da na farkon ya yi wa nauyi. Ya rasu a 1829, kabarinsa na nan a Gwandu. Allah Ya jiƙansa da rahama.