Abdulkarim Bature: Baƙon da Ya Ratsa Duwatsun Azbin Ya Sauka a Dala

A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani baƙo ne da ya sauka a birnin Kano a shekarar 1851, bayan ya ratsa Sahara da duwatsun Azbin, wani wuri a kan raƙumi, wani wuri a ƙasa, daga baya kuma a kan doki. Sunansa na asali Heinrich Barth, mutumin Jamus, amma a ƙasashenmu da Abdulkarim aka san shi, sunan da ya zaɓa wa kansa. Su uku suka taso daga Turai, shi kaɗai ya koma gida da rai. Mutuwa dai ajali ce, amma abubuwa biyu sun taimake shi ƙwarai: ya koyi harshen mutanen da ya tarar, kuma ya sami masu masauki da suka riƙe amanarsa.

An haife shi a birnin Hambag ran 16 ga Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai son ilmi, bai yi ƙyashin kashe kuɗi a kan karatun ɗansa ba. Tun yana yaro ba shi da yawan abokai, littafi ne abokin hirarsa. Ya yi karatu a Jami'ar Barlin ya gama a 1844, ya kuma koyi Larabci. Daga 1845 zuwa 1847 ya zaga ƙasashen bakin Bahar Rum. A kan iyakar Masar 'yan fashi suka tare shi, suka ji masa rauni, suka kwashe kayansa. Wani da ya haƙura da tafiya daga nan, amma shi ko gezau.

A watan Maris na 1850 ya tashi daga Tarabulus tare da James Richardson, Baturen Ingila wanda shi ne shugaban tafiyar, da Adolf Overweg, Bajamushe masanin duwatsu. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su domin su ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, su kuma binciki yadda za a hana fataucin bayi. Cikin kayansu har da kwalekwale da aka rarraba aka ɗora wa raƙuma, domin a haɗa shi a Tafkin Chadi.

Kusa da garin Gat ya yi gangancin da ya kusa halaka shi. Akwai wani dutse da ake kira Idinen, wanda Buzaye suke cewa gidan aljannu ne. Aka hana shi hawa, ya ƙi ji, ya tafi shi kaɗai ba ɗan jagora. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ƙishirwa ta kai shi har ya tsaga hannunsa ya tsotsi jininsa. Sai washegari wani Buzu ya bi sawunsa ya same shi kwance, rai a hannun Allah, ya ba shi ruwa. Tun daga ranar ya san mai gari ya fi baƙo sanin hanya, kome ilmin baƙon.

A watan Agusta suka shiga ƙasar Azbin, wadda take arewacin Jamhuriyar Nijar a yau. Ƙasa ce ta manyan duwatsu a tsakiyar hamada. Waɗansu daga cikinsu sun taɓa yin aman wuta a zamanin da, shi ya sa ake ganin baƙaƙen duwatsu zube kamar gawayi, kuma a Tafadek akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi. A kan dutsen Bagazam ne ake samun ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar, mita 2,022, kuma daga sunansa ne dawakin nan na Azbin da sarakunanmu suke alfahari da su suka sami sunan Bagazam. A tsakanin duwatsun akwai kwaruruka masu goriba da dabino.

Ba su ji da daɗi ba a farkon shigarsu. Mahara sun kewaye su, sai da suka fanshi kansu da kaya masu yawa. Bayan wannan kuma aka yi ruwa a kan duwatsu, kwarin da suka yi zango ya cika ya tumbatsa, ya tafi da itatuwa da dabbobi, da ƙyar suka tsira a kan tudu. A farkon Satumba suka isa Tintellust, garin wani dattijo Annur, shugaban Buzayen Kel Owi, wanda ya karɓe su ya zama mai masaukinsu. To, mutanen Annur suna jin Hausa kamar harshensu, nan fa Abdulkarim ya duƙufa koyonta, yana tambaya yana rubutawa.

A watan Oktoba ya bar abokansa ya nufi Agadas tare da mutanen Annur. Aka ba shi takarkari ya hau, takarkarin ya yi tsalle ya watsar da shi da kayansa a ƙasa. Haka dai ya daure har suka isa. An sauke shi a gidan Annur na birnin, ya yi kimanin mako 3, ya gaida Sarkin Agadas Abdulkadiri, ya ga hasumiyar masallacin nan ta ƙasa, ya rubuta tarihin garin. Gidan da ya sauka ya zama wurin da baƙi suke zuwa kallo da sunansa.

Daga Azbin suka biyo ayarin gishirin Bilma zuwa kudu. A Damargu, cikin Janairun 1851, su ukun suka rabu da nufin su haɗu a Kukawa. Abdulkarim ya biyo ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shigo Kano ran 2 ga Fabrairu, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. A unguwar Dala aka ba shi masauki. Ya iso ba kuɗi, ga bashi, ga zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya ji sauƙi sai ya hau doki ya zaga gari unguwa-unguwa, ya hau dutsen Dala ya zana birnin.

A nan ne, uwargida, labarin ya shafe mu. Ya ƙiyasta mutanen Kano 30,000 ne, su kan ninka a lokacin da fatake suke shigowa. Ya ce arzikin garin a kan saƙa da rini yake, kuma tufafin da ake fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tumbutu da Murzuk da Tarabulus. Abin da ya fi burge shi kuwa, wannan sana'a a cikin gidaje ake yinta, iyali suna ci da kansu ba tare da sun watse ba, ba kamar ma'aikatun Turai na lokacin ba. Kun kuwa san zaren da masaƙa suke saƙawa, mata ne suke kaɗa shi da mazari a tsakar gida. Ashe ke nan hannun kakanninmu mata yana cikin rigar da Balarabe ya saya a bakin teku. Bai ɓoye mummunan gefen ba: ya ga bayi a kasuwa ya rubuta, daga baya kuma ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, ya bayyana ta'asar kamun bayi da ya gani da idonsa.

Kafin ya isa Kukawa a watan Afrilu, Richardson ya rasu a hanya. Shehun Barno Umar ya karɓe shi. Daga can ya hau doki ya yi kudu, ya bi ta gefen duwatsun Mandara, ya ga kogin Binuwai ran 18 ga Yuni, 1851, ya shiga Yola. A Satumban 1852 Overweg shi ma ya rasu a bakin Tafkin Chadi. Ya bar masa yara biyu da ya 'yanta daga bauta, Dorugu Bahaushe da Abbega Bamargi.

Ya rage shi kaɗai, amma maimakon ya juya gida sai ya nufi yamma. Ya gaida Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Wurno a 1853. A Gwandu aka ba shi aron littafin tarihin nan Tarikhus Sudan, ya zauna yana kwafa. Ran 7 ga Satumba ya shiga Tumbutu. Da aka gane Kirista ne, waɗansu suka nemi ransa, amma babban malamin garin, Shehu Ahmadul Bakkayi, ya tsaya tsayin daka wata da watanni ya kare baƙonsa, daga ƙarshe ya raka shi da kansa ya fitar da shi lafiya.

Ya sake sauka a Kano a Oktoban 1854. A lokacin har an baza labarin mutuwarsa a Turai. Ya isa Landan a Satumban 1855, bayan tafiyar fiye da mil 10,000 cikin shekara 5. Ya buga labarin tafiyarsa cikin littattafai 5 a 1857 da 1858, ya kuma tattara kalmomin Hausa da Barbarci da Fulatanci da waɗansu harsuna. Gaskiya ne taswirorinsa sun amfani Turawan da suka zo cin ƙasa daga baya, amma kuma malaman tarihinmu suna komawa ga littattafan nan domin sanin yadda Kano da Katsina da Sakkwato suke kafin zuwan Turawa. Bai taɓa aure ba. Ya rasu a Barlin ran 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.

Dorugu kuwa ya bi shi Turai, ya zauna a Ingila, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta. Daga baya ya dawo gida, da tsufansa ya koyar a makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909, ya rasu a Kano a 1912. Ku mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, Gidan Ɗan Hausa ba nisa da ku, ku kai yara su gani.

'Yan makaranta, tafiya mabuɗin ilmi ce, amma ga mai tambaya da alƙalami a hannu. Dubban fatake sun bi hanyar Azbin kafin Abdulkarim, sun fi shi saninta, shi ne dai ya rubuta. Ku riƙi littafi, ku tambayi kakanninku yadda ake kaɗi da rini da tafiyar ayari, ku rubuta tun suna da rai. Ku kuma iyayen gida, ku tuna da Buzun da ya kai masa ruwa, da Annur, da Shehu Bakkayi. Ba su san zai rubuta sunan kowa ba, baƙo suka gani suka riƙe shi da mutunci. Sai mun sadu a mako mai zuwa.